Akwatunan lefe cike, amma ba ni da kayan zuwa ofis

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce, shekarata 26, muna zaune da maigidana a Rijiyar Zaki, wata bakwai ke nan da bikinmu. Allah ya sa na samu aiki a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa da ke Bompai, kuma na fara zuwa makon jiya. A takardar ɗaukar aiki an rubuta cewa daga Litinin zuwa Alhamis ana son ma'aikata su yi shigar ofis ta kamala, ranar Juma'a kuma kowa ya sa kayan gargajiya, amma ba a fayyace abin da ake nufi ba. Ni kuwa duk abin da na mallaka kayan lefe ne, lesuka da shadda da atamfofi masu manyan ɗinkuna. Ranar farko na sa leshi mai duwatsu da mayafi mahaɗinsa, sai wata babba a sashenmu ta dube ni ta ce, "Amarya, daga nan gidan biki za ki wuce?" Kowa ya yi dariya. Washegari na sa hijabi har ƙasa kamar yadda maigidana yake so, sai tayar kujera ta yi ta kama shi, kuma shugaban sashe ya ce katin shaidata ba ya fitowa. Wata ƙawata ta ce in sayi kwat da wando a wurin wata mai kawo kaya, in biya ƙarshen wata. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce ita dai kada aiki ya sa in zubar da mutuncin gidansu. Ko albashin farko ban karɓa ba, kullum da safe sai na tsaya gaban akwati ina jin kamar in yi kuka. Don Allah a ba ni shawara.

Daga ƙanwarki a Rijiyar Zaki, Kano.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a auren da aikin, ya sa kin fara a sa'a. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta matar da ta tambaye ki ko gidan biki za ki wuce. Ba ta kyauta ba da ta faɗa miki haka a gaban jama'a, domin sabon ma'aikaci baƙo ne, baƙo kuwa ana jan sa gefe ne a nuna masa hanya. Sai dai idan kika cire ɗacin maganar kika duba abin da ya rage, za ki ga ta gaya miki gaskiyar da takardar ɗaukar aikin ta kasa gaya miki. Leshi mai duwatsu an yi shi ne domin a kalle shi, a yaba wa mai shi, a tambaye ta inda ta saya. Tufafin ofis kuwa kayan aiki ne, kamar yadda almakashi yake ga tela ko sikeli ga mai awo, kuma nagartarsa ita ce ki sa shi da safe ki manta yana jikinki har ki tashi, abokan aikinki ma hankalinsu ya tafi ga lissafin da kika kawo musu. Da wannan ma'aunin nake so ki auna duk abin da zan faɗa miki, da duk abin da wani zai kawo miki ya ce ki saya.

Kafin ki kashe ko sisi, ki je sashen kula da ma'aikata ki nemi a fayyace miki abin da kamfanin yake nufi da shigar ofis, in da hali a rubuce. Kada ki ji kunyar wannan tambaya, domin ofisoshin Kano ba su da doka guda. Idan kika shiga Sakatariyar Audu Baƙo ranar Talata za ki tarar da manyan ma'aikata mata cikin atamfa da mayafi ko hijabi, ba wanda yake ganin baƙon abu. Idan kika leƙa bankunan da ke kan titin Murtala Muhammad za ki ga an fi karkata ga yadi maras zane, launi mai duhu, da ƙaramin hijabi ko mayafin da aka naɗa tsaf. Lauya kuma ba ta da zaɓi a gaban alƙali, baƙi da fari ne ka'idarta. Kamfaninku zai faɗa wani wuri a tsakanin waɗannan, kuma hanya mafi sauƙi ta gane wurin ita ce ki yi kwana biyar kina lura da matan da suka fi ki muƙami da mataki ɗaya ko biyu, musamman Musulmi matan aure irinki, ki ga tsawon rigarsu, da girman mayafinsu, da irin takalminsu, da kuma abin da suke sawa ranar da baƙi za su zo daga hedikwata. Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura, amma ke ba kowa za ki kwaikwaya ba, waɗanda kike fatan zama a kujerarsu nan gaba su za ki duba.

Shawarar ƙawarki ta sayen kwat da wando a kan bashi, ki ajiye ta gefe. Dalili na farko shi ne bashin kansa. A kusan kowane ofis akwai mai kawo kaya, tana zagayawa da jaka tana cewa ɗauki kawai sai wata ya yi, kuma kuɗin da za ta yanka miki ya fi na kasuwa, domin ta lissafa jira da haɗarin a ƙi biyanta. Na ga mata da yawa waɗanda albashinsu yake shigowa da safe ya ƙare kafin la'asar saboda an riga an cinye shi a jiki, kuma ke a sashen kuɗi kike, inda ba a son a san ma'aikaci da bashi a wuya tun watan farko. Dalili na biyu shi ne, babu wata ƙa'ida da ta ce shigar Turawa ce kaɗai shigar aiki. Ngozi Okonjo-Iweala tana shugabantar Hukumar Ciniki ta Duniya tun 2021, kuma da atamfa da ɗankwali take zama da shugabannin ƙasashe. Amina Mohammed tana riƙe da muƙamin mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, ba a cika ganin kanta a buɗe ba. Zainab Shamsuna Ahmed ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta ƙasa daga 2018 zuwa 2023 da mayafinta. Idan kika duba hotunansu da idon tela za ki ga abin da ya haɗa su, wato ɗinki mai sauƙi wanda ya zauna daidai a kafaɗa, da ƙarancin tarkace. Kayan da za ki sa kina jin kamar an ara miki jikin wata, kina jan riga ƙasa duk lokacin da kika miƙe, ba za su bar ki ki yi aiki da natsuwa ba, balle ki shiga gidan surukai da su.

Batun hijabi ya fi sauran nauyi, domin ya taɓa addininki da aurenki, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Ta fuskar doka, sashe na 38 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi. A watan Disamba na 2017 an hana Firdausi Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya a 2018 aka rantsar da ita da hijabin a kanta. A watan Yuni na 2022 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi na makarantun gwamnatin Jihar Legas 'yancin sa hijabi. Wannan hukunci a kan makarantun gwamnati aka yi shi, kamfani mai zaman kansa kuwa yana da sharuɗɗan da kika sa wa hannu, amma a garin Kano da wuya ki samu ofishin da zai ce mace ta buɗe kanta. A wasiƙarki ma ban ga inda aka ce ki cire hijabi ba. Shugaban sashenku ya yi maganar katin shaida ne, kujera kuma ta yi maganar tsawo, kuma dukkansu suna da magani a wurin tela.

Abin da shari'a ta nema a suturar mace sananne ne. Aya ta 31 a Suratun Nur ta yi umarni a sauke mayafi ya rufe ƙirji, aya ta 59 a Suratul Ahzab ta yi maganar lulluɓi, malamai kuma suka yi bayanin cewa tufa ta kasance mai yalwa, mai kaurin da ba ya nuna fata, wadda ba ta fitar da surar jiki. Doguwar riga mai faɗi har idon sawu, da hijabi mai hannu wanda ya sauka zuwa gwiwa ko ƙasa da ita kaɗan, sun cika waɗannan sharuɗɗa, kuma hijabi mai hannu yana barin ki buga kwamfuta, ki ɗauki fayil, ki sa hannu a takarda ba tare da kina tattare yadi a hammata ba. Katin shaida kuma ki rataya igiyarsa a kan hijabin, ko ki maƙala shi da fil a gefen ƙirji. Idan maigidanki ya fi samun natsuwa da hijabi har ƙasa, akwai hanyar da mata da yawa suke bi ba tare da kowa ya ji kansu ba: su fito daga gida da babban hijabi, su hau abin hawa da shi, idan sun isa ofis su ninke shi su ajiye a aljihun tebur, su zauna da madaidaicin da ke ciki, lokacin salla da lokacin tashi su mayar. Ko a hanyar ma ki riƙa tattare shi a cinya idan kin shiga adaidaita sahu, domin tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni a 2013 shi ne abin hawan yawancinmu, gefensa a buɗe yake, kuma yadin da ya zubo waje yana iya naɗewa a taya ko wani abin hawa ya fizge shi.

Yadda za ki kai wa maigida maganar shi ne rabin aikin. Kada ki kawo ta da safe kuna gaggawa, kuma kada ki fara da cewa a ofis an ce, domin namiji ba ya son jin cewa wani shugaba a waje yana tsara wa matarsa sutura. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki sa rigar da hijabin da kike nufi, ki tsaya a gabansa, ki zauna, ki miƙe, ki sunkuya kamar za ki ɗauki abu, sannan ki tambaye shi ko ya ga wani abin da bai kwanta masa ba. Gani ya kori ji. Yawancin abin da maza suke tsoro a irin wannan hali siffa ce da suka zana a zuciyarsu, ta wata da suka taɓa gani cikin matsattsun kaya, kuma idan ya ga abin da idonsa zai fi sauƙin amincewa. Hajiya kuwa mutuncin gida take nema, kuma tana da gaskiya. Idan ɗinkinki na farko ya fito, ki sa shi ki je ki gaishe ta, ki ce, "Hajiya, ga irin kayan da zan riƙa zuwa aiki da su, na ce bari in kawo ki sa albarka." Uwar miji da aka nemi albarkarta a kan abu ba ta cika komawa tana sukarsa ba.

Yanzu mu buɗe akwatunan nan da kike tsayawa a gabansu kina jin kuka, domin ina kyautata zaton rabin abin da kike nema yana ciki. Wata bakwai da biki, da wuya a ce kin ɗinke duk turamen da aka zuba miki. Ki fito da waɗanda ba a ɗinka ba ki shimfiɗa su a kan gado da rana, ki ware masu ƙananan zane da launi biyu ko uku masu kwanciyar hankali, irin su shuɗi mai duhu, da ruwan ƙasa, da ruwan toka, da kore mai duhu, da ruwan hanta. Masu manyan furanni da ruwan zinare ki mayar da su, ranar suna da biki tana zuwa. Turmi guda yadi shida ne, yana fitar da doguwar riga da ɗankwali har a samu saura, ko riga da siket da ɗankwali. Cikin waɗanda aka riga aka ɗinka ma akwai masu ceto. Rigar da aka yi wa hannu mai kumbura kamar balan-balan ana iya kwance shi a mayar da shi miƙaƙƙe, wuyan da aka faɗaɗa ana iya cike shi da sauran yadin, siket mai jela a baya ana iya datse shi. Kuɗin gyara bai kai na sabon ɗinki ba, kuma a wannan watan da ba ki karɓi komai ba, gyaran kala biyu da ɗinkin kala biyu sun isa su kai ki ƙarshen wata.

Tela ya fi yadi muhimmanci, kuma a nan mata suka fi yin asara. Telan da ya yi miki ɗinkin biki hannunsa ya saba da ado, idan kika ba shi atamfa kika ce ya yi miki mai kyau, zai dawo miki da ita ɗauke da tattara da duwatsu da tsaga. Ki gaya masa dalla-dalla cewa kayan aiki ne, ko ki nemi wanda ya saba yi wa ma'aikata ɗinki. Ki sa ya auna ki a tsaye, sannan ki zauna a kan kujera ya ga inda rigar za ta tsaya, domin yinin ma'aikaciyar sashen kuɗi a zaune yake ƙarewa, kuma siket ɗin da ya yi kyau a gaban madubi yana iya matse cinya ya ɗage idan an zauna. Tsawon ya tsaya a idon sawu, kada ya taɓa ƙasa, saboda matakalar bene da ruwan damina. A maimakon tsaga ya ba siket ɗin faɗi daga gwiwa zuwa ƙasa yadda za ki iya ɗaga ƙafa ki shiga adaidaita ba tare da kin riƙe komai ba. Hannun riga shi ne abin da kowa yake mantawa: azahar da la'asar a ofis za su riƙa samunki, alwala kuma tana bukatar ruwa ya kai gwiwar hannu, don haka hannun ya zama mai yalwar da zai naɗu, ko a sa masa maɓalli ko roba a wuyan hannu. Na taɓa ganin wata a bayin ofis tana kokawa da zif ɗin bayanta domin ta fitar da hannu ɗaya ta yi alwala, ana jiranta a taro. Ki ce ya yi miki aljihu a gefe, ko da guda ɗaya, saboda waya da makulli. Idan yadin yana da shara-shara a sa masa lainin na auduga, kuma ki gwada shi a bakin ƙofa inda rana take dukansa, domin hasken ɗaki yana ɓoye abin da hasken waje yake tonawa. Kada kuma ki kai ɗinki ana saura mako biyu Salla ki ce za ki samu a kan lokaci.

Idan albashi ya shigo, sai ki nufi Kantin Kwari, amma ki tafi da wadda ta san kasuwar, kuma ki tafi da takarda a hannu wadda kika rubuta abin da kika je saya, domin Kwari wuri ne da mace take shiga neman yadi huɗu ta fito da leshi biyu. Abin da za ki nema shi ne yadi maras zane mai ɗan nauyi wanda yake zubowa ba ya manne wa jiki, kala biyu ko uku, kowanne yadi uku da rabi zuwa huɗu gwargwadon tsawonki da faɗin yadin. Ki tuna da yanayin garinmu. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, kuma na'urar sanyaya ɗaki ta ofis ba za ta bi ki cikin cunkoson Ƙofar Ruwa ko Kabuga ba. Yadin roba yana da araha, ba ya yamutsewa, amma yana riƙe zufa da wari, kuma kafin ki isa Bompai daga Rijiyar Zaki kin jiƙe. Auduga tana shan iska amma tana son guga. Wanda aka gauraya su biyun shi ya fi dacewa da mai fita kullum. Tun da yawancin masaƙunmu na Sharaɗa da Challawa da Bompai suka durƙushe, akasarin abin da ke kasuwa daga waje yake zuwa, musamman daga Sin, kuma sunan da aka buga a gefen turmi ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ki damƙi gefen yadin a tafin hannu ki matse ki saki, ki ga yadda ya koma. Idan kin samu ɗan ƙyalle, ki kai gida ki kusanta masa ashana a wuri amintacce: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri.

Ki kuma jiƙa kowane sabon yadi shi kaɗai kafin ki kai wa tela, domin ki ga ko yana zuba, kuma in zai ja baya ya ja tun kafin a yanka. Wannan darasi da jikina na koye shi. A shekarata ta farko ta aiki na sayi wata jar atamfa mai araha, na sa ta da farin mayafi a cikin watan Agusta, ruwa ya kama ni tsakanin inda na sauka da ƙofar ofis, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Kafin in hau bene mayafin ya koma ruwan hoda daga kafaɗa zuwa ƙugu, har takardun da na rungume sai da suka samu rabonsu, kuma a ranar ne aka ce in kai wa shugaba rahoto. Na yini a bayan tebur da aron hijabin mai shara, Allah ya saka mata da alheri. Tun daga ranar na yarda araha ba ta ado, kuma tun daga ranar ba a raba aljihun teburina da mayafi guda a ninke.

Game da yawan kaya, kala shida sun isa ki yi wata da watanni ba wanda ya lura, muddin launukansu suna shiga juna. Hijabi ko mayafi uku marasa ado, baƙi da ruwan toka da ruwan madara, za su hau kusan komai. Mu matan Kano mun taso da jin cewa maimaita kaya abin kunya ne, har akan ce wance kullum kayanta ɗaya, kuma wannan tunani ne yake jefa ma'aikata cikin bashin da na ambata. A ofis ba wanda yake ƙirga miki, in ma akwai mai ƙirgawa to aikinta ne ya yi mata kaɗan. Abin da ake lura da shi shi ne tsafta da guga. Idan kin ga ofishinku yana son a ɗora kwat ranar taro, guda ɗaya baƙa ko shuɗiya mai duhu, mai tsawon da ya rufe ƙugu, ta wadatar a kan doguwar riga, kuma ba laifi ba ne ki leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, inda ake samun masu kyan ɗinki da ba su ji jiki ba. Ki duba hammata da wuya da maɓallai, ki kai a wanke a goge. Abaya ma tana shiga ofis idan ba ta da duwatsu da ƙyalƙyali, kuma hannunta ba mai faɗin da zai share tebur ya kifar da kofin shayi ba ne.

Takalmi ki nemi rufaffe, maras tsini ko mai ɗan tudu kaɗan, wanda ba ya ƙara idan kina tafiya a kan tayil, ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. A Sabon Gari za ki samu. Silifas na alwala ki ajiye a ƙarƙashin tebur, kada ki yi yawo da shi a ofis. Jaka guda mai ɗaukar takarda ba tare da an lanƙwasa ta ba ta fi ƙananan jakunkunan lefe biyar amfani. Gwal ɗinki ki bar shi a gida, ɗan kunne ƙarami da agogo da zobe sun isa, awarwaro kuwa duk motsin hannu sai ya yi amo a ɗakin da mutane suke lissafi. Humra da turaren wuta na maigida ne, a ɗaki rufaffe mai na'urar sanyi suna hawa kan mutane, kuma kin san abin da addini ya ce game da mace ta fita da ƙamshi mai tashi. Ki riƙa shanya kayan aikinki daban da waɗanda kike turarawa.

Ranar Asabar ki yi wanki, duk lokacin da aka kawo wuta ki goge kala biyar a jere ki rataye kowanne da hijabinsa, domin wutar safiyar Litinin ba abin dogaro ba ce, kuma dutsen guga na gawayi yana da ranarsa idan an kula da toka. A hunturu ki rufe su da tsohon zani saboda ƙura. Wannan ɗan tsari shi zai raba ki da tsayuwar da kike yi a gaban akwati.

Ranar Juma'a ce ranar shaddarki da atamfofinki masu haske, har da rinin Ƙofar Mata idan kina da shi, sai dai a wanke shi tukuna domin shuni yana bin fata da mayafi. Leshi mara nauyi ma yana iya shiga, amma mai duwatsun nan na ranar farko ki bar shi sai bikin wata a ofis ɗin, lokacin da za a fitar da anko kowa ya ga ashe kin iya.

Ita kuma babbar da ta yi miki ba'a, kada ki ɗaure mata fuska, kuma kada ki kai ƙararta. Ki same ta ita kaɗai bayan sallar azahar, ki gaishe ta da girmamawa, ki ce, "Anti, ni sabuwa ce, na ga ɗinkunanki suna zama daidai, don Allah wane tela ne yake yi miki?" Idan mai kirki ce wadda bakinta ya yi gaba, za ta ji nauyin abin da ta yi, ta ba ki lambarsa, wataƙila ma ta raka ki Kwari ranar Asabar. Idan ta yi miki rowar tela, ki tambayi ta kusa da ita.